Kokon Awwalu

A Unguwar Sanda, wani ɗan ƙauye da ke bayan Dayi idan ka saki kwalta ka bi ta cikin gonakin masara, kowa ya san kokon Ladidi matar Haladu. Ba gudaji, ba tsaki, in ka kurɓa sai ka ji ya wuce da kansa. Masu babur da ke jigilar mutane zuwa bakin titi sukan tsaya a ƙofar gidan da safe, a miƙo masu a zaure, su sha a tsaye su wuce. Sau biyu take tace gasararta, da ƙyallen tata mai ƙananan idanu wanda sauran mata ke cewa ɓata lokaci ne. Ba don ciniki ta koyi wannan tata ba. Ta koye ta ne saboda wani maƙogwaro da ƙwayar tsaki ɗaya ke iya shaƙewa.

A Rugar Mati aka haife ta, inda shanu suka yi ta raguwa har ba su isa a kira su garke ba, mutanen suka zauna suka rungumi garma, Fulatanci ya koma sai a bakin tsofaffi in za su yi faɗa. Abin da bai ragu ba a rugar shi ne kunya. Da ita ake auna mace, da ita ake yabon gida. Ladidi ta tashi yarinya mai son a ce ta iya, irin wadda in an yabe ta a bainar jama'a takan sunkuyar da kai amma ta kwana tana maimaita yabon a ranta.

A kasuwar Dayi Haladu ya ganta tana sayar da nono. Kowace kasuwa sai ya saya, alhali nono ɓata masa ciki yake yi, sai daga baya ta gane abokansa yake kai wa. Manomi ne, masara da waken suya, auduga in shekara ta yi kyau. Maraya ne kuma, ƙanwar mahaifinsa ce ta raine shi, tsohuwa mai kaifin baki da kowa ke kira Gwaggo, wadda ta yi aure ta sake yi ta sake yi Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo ta zauna a gidan ɗan yayanta ta ce nan za a ɗauki gawarta.

Da cikin fari ya tsufa aka mayar da Ladidi gida goyon ciki. Mahaifiyarta, Inna, ta zaunar da ita a bayan ɗaki ta yi mata magana a taƙaice.

"In abin ya zo ki riƙe bakinki. A gidan nan ba a taɓa jin muryar mai naƙuda ba. Kin dai ga 'yar gidan Jibo, ihu ɗaya ta yi, yau ɗanta ya isa kiwo amma in ta zo biki har yanzu kwaikwayonta ake yi."

Abin ya zo mata tana daka gero. Ta dafe taɓarya ta jira ya lafa, ta ci gaba. Da ruwa ya fashe ta canza zane ta cusa jiƙaƙƙen a ƙarƙashin gado. Ta yi shara, ta wanke ƙwarya, ta kai wa mahaifinta ruwan alwala. In ciwon ya murɗo sai ta shiga bayan gida ta ciji gefen zanenta, ta fito tana gyara ɗankwali. A tunaninta haka ake yi, ka daure har sai an ji kukan jariri kawai, mata su rugo su ce kai, wannan yarinya! Gari ya waye ya sake wayewa tana cikin wannan hali, har ta yanke jiki ta faɗi a gindin turmi. A kan babur aka kai ta bakin titi, an sa ta a tsakiya Inna na riƙe da ita ta baya, daga nan aka samu mota zuwa asibiti a Malumfashi.

Yaron ya fito jikinsa ya yi shuɗi, bai yi kuka ba. Ta ji ana ta bubbuga shi, ana kai da komowa, sai can ya saki wata 'yar murya kamar ta ɗan kyanwa. Da aka natsa, wata nas mai ɗan shekaru tana gyara mata robar ƙarin ruwa ta tambaye ta tun yaushe ciwon ya fara.

"Tun shekaranjiya," in ji Ladidi, har da ɗan alfahari a muryarta.

"Haba baiwar Allah. Da kin yi magana mana. Da an kawo ki da wuri da yaron nan bai sha wannan wahalar ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta gama gyara robar ta wuce gado na gaba. Inna tana waje wajen neman ruwan zafi, ba ta ji ba.

Ranar suna aka raɗa masa Muhammad Awwal. Mata suka cika Rugar Mati, kowacce ta shigo sai ta yaba. Ko tari ba ta yi ba, in ji su, har tuwo ta tuƙa da naƙuda a jikinta, wannan ita ce ɗiyar gidan mutunci. Ladidi na zaune a ƙuryar gado, lulluɓe, tana karɓar abin da ta yi ta mafarkin samu, yana shigar mata kamar ana ɗura mata toka.

Watanni suka shuɗe wuyan yaron bai tsaya ba. Hannuwansa kullum a dunƙule, in an sa shi a ruwan wanka sai ya sandare ya banƙare baya kamar baka. Nono ma da ƙyar yake kamawa, ya sha kaɗan ya ƙware. Sa'o'insa suka zauna, suka yi rarrafe, suka tashi, shi yana kwance inda aka ajiye shi. Likitan da suka koma gani ya yi wa Haladu bayani a hankali, ya ce ƙwaƙwalwar yaron ce ta rasa iska lokacin haihuwa, ɓangaren da ke juya gaɓoɓi ya taɓu, ba zai yi tafiya ba, da wuya ya yi magana, ba kuma ciwon da allura ke warkarwa ba ne, sai dai kulawa. Amma yana ji, in ji likitan, yana kuma gane mutane, kada a ɗauka ba kowa a ciki. Wata maƙwabciya da ta zo dubiya ta rage murya ta ce irin waɗannan fa ba mutane ba ne, 'ya'yan ruwa ne, akwai mai kai su bakin rafi ya mayar da su ga masu su. Gwaggo ta ɗauko muciya ta yi kanta. Matar ta bar takalminta ɗaya a gidan.

Kowa ya san dokar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a taro sai ta kau da kai wata ta ɗauka, in an yaye shi kuma kaka ce mai shi. Kowa kuma ya san yadda mata ke yi wa dokar zamba. A rufe ƙofa a rungume, a laƙaba masa wani suna na ɓoye, a cusa masa tsokar nama a hannu a ce maza cinye kafin a gani. Ladidi ce kaɗai ba ta taɓa yin zambar ba. Tana yaye shi ta miƙa wa Gwaggo, daga ranar ya zama "yaron nan" ko "na wajen Gwaggo". Idan hanya ta bi da ita ta gefen tabarmarsa sai ta ɗauke ido. Mata suka ƙara yabonta, suka ce yanzu ina ake samun mai kunya irin wannan.

Al'adar ta zo mata daidai, kamar an ɗinka don ita. Duk lokacin da ta dubi dunƙulallen hannun nan sai ta ga zanen da ta cusa ƙarƙashin gado. Kuma yaron yana da idanu, manya, masu bin mutum a hankali duk inda ya yi, ta kasa raba ranta da tunanin cewa ya sani. Tana tsoron ranar da za ta kira shi ya juyo ya dube ta sosai. Sai ga wata doka da kakanni suka bari, wadda ta ce kada ta kira, kada ta duba, kuma a yaba mata a kan haka.

Gwaggo kuwa ta samu miji. Haka take faɗa wa kowa. Da hantsi za ta shimfiɗa tsohuwar tabarmarta a rumfar ƙofar ɗakinta, inda kaji ke kiwo, ta miƙe ƙafafu, ta zaunar da shi a tsakanin cinyoyinta bayansa a ƙirjinta, ta naɗe masa gwiwoyi don kada ya sandare. Haƙoransa a datse suke, ko da ƙarfi ba a buɗe su. Dariya kaɗai ke sakin muƙamuƙin nan, Gwaggo kuma ta san hanyarta.

"Awwalu! Awwalu na Gwaggo, angon da ba cefane! Kai wane irin miji ne, rana ta take kana kwance? Mazan mutane sun tafi gona, nawa yana nan yana kallon kaji. To wallahi yau sai ka ba ni takardata, in koma gidanmu."

Sai ka ji wani sauti ya taso daga ƙirjinsa, kansa ya karkace, baki ya buɗe. Nan take za ta tallabo haɓarsa da hannun hagu, ta zuba rabin ƙaramin ludayi ta gefen kumatu, ta shafa maƙogwaron da yatsa biyu daga sama zuwa ƙasa har sai ta ji ya wuce. Sannan a sake sabon zagi. Kofi ɗaya yakan ci masu hantsi guda.

Ladidi ce ke dama kokon. Ita ta gano tsaki ne ke ƙware shi, ta shiga tata sau biyu ba wanda ya sa ta. Ita ke wanke tsummokaransa tun kafin gida ya tashi, ta shanya a bayan ɗaki. In ta ajiye kofin a bakin rumfa sai ta koma madafa, a can kuma akwai wata 'yar kafa a jikin zana daidai tsayin idon mai zaune a kan kujerar tsugunno. Shekara da shekaru tana hura wutar da ta riga ta kama, idonta a kafar.

Ta sake haihuwa, mace, aka sa mata Bushra, bayanta wasu suka biyo, duk lafiyayyu. Kowane ciki, da ta ji ko ɗan motsi a mara sai ta ce, "Malam, a nemo babur." Sau da yawa a je a dawo ba haihuwa ba ce. Haladu yakan yi dariya ya ce jarumar Rugar Mati ta zama matsoraciya. Shi ma ba ya faɗin sunan yaron, "mutumin Gwaggo" yake cewa. Hanyarsa ta so ita ce ayaba, duk ranar kasuwa sai ya sayo mai laushi ya ajiye a bakin rumfa, ya ɗan tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu, ya wuce.

Awwalu ya yi tsawo, ƙafafunsa sirara suka wuce na Gwaggo a kan tabarma, nauyinsa ya fara fin ƙarfinta. A kakar da zai shiga shekara goma sha uku ƙafafun tsohuwar suka kumbura, numfashinta ya riƙa yankewa a tsakiyar zagi. Wata rana da la'asar suna ɓarar masara su biyu a tsakar gida, yara sun tafi makarantar allo, Gwaggo ta jefa totuwa gefe ta ce, "Gobe ke za ki ba shi kokon. Ina zaune ina nuna maki."

"Haba Gwaggo, ai da kunya."

"Kunyar wa? Ni? Ni da na wanke maki jini?"

Ladidi ta ci gaba da murza masara.

"Ɗiyar nan, dube ni. Na ga masu kunyar ɗan fari iri-iri, na ga wadda ke tofar da yawu in an ambaci nata, dare na yi tana can tana shinshina kansa. Taki ba kunya ba ce. Ranar da aka haife shi ina bayan labule da kwanon abinci a hannuna, na ji abin da ma'aikaciyar nan ta ce maki."

Hannun Ladidi ya tsaya.

"Ban faɗa wa kowa ba, ko Haladu. Me zan ce? Yarinya ce ke, abin da aka ce ki yi kika yi, Allah kuma ya riga ya rubuta. Na ce bari in riƙe maki shi har ki huce. To kin ƙi hucewa, ni kuma ƙafata ɗaya tana kabari. Mijin nan nawa in na tafi wa zan bar wa?"

"Allah zai ba ki lafiya, Gwaggo."

"Ji ta! Ina maki maganar mutuwa kina mani gaisuwar asibiti."

Washegari Ladidi ta ajiye kofin a bakin rumfa ta koma madafa kamar kullum. Gwaggo ta bi ta da kallo, ta girgiza kai, ta ce, "Awwalu, ka ga uwarka ko? Taurin kai kamar jaki." Yaron ya yi dariya, aka zuba rabin ludayi.

Ba a gama kai amfanin gona rumbu ba Gwaggo ta cika, da safe, bayan ta idar da salla tana jingine da bango.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Aka ɗauke Awwalu daga rumfa aka kai shi ɗakin Ladidi don a samu wurin zama, aka kwantar da shi a kan katifa. Ranar farko ba wanda ya damu da bai ci ba, wa ya ci? Rana ta biyu Bushra, wadda ba ta wuce shekara goma ba, ta gwada. Ta yi ta kiran "Yaya, Yaya, buɗe," amma ba ta iya riƙe jikin ba, ya banƙare ya kifar da kofin. Haladu ya gwada, ya ɗan matsa kumatun da ƙarfi ya zuba, yaron ya ƙware har idanunsa suka juye, leɓensa ya yi baƙi. Da numfashin ya dawo Haladu ya ajiye ludayin ya fita, ba a sake ganinsa ba sai magariba, wai ya je duba karan gona.

Ladidi ta gwada ita ma, da rana, ta saki labule. Ta jingina shi da matashi, ta durƙusa daga nesa gwargwadon tsawon hannu, ta kai ludayi bakinsa. Haƙora a datse. Kokon ya bi haɓa ya gangara wuya. Idanunsa ba su ma tsaya a kanta ba, ƙofa suke kallo, duk wadda ta gifta sai ya yunƙura. Ta buɗe baki za ta kira shi, sunan ya zo har maƙoshi ya tsaya, abin da ya fito kawai shi ne, "Sha mana." Aka kira mai kemis daga Dayi ya sa masa ƙarin ruwa. Yana naɗe kayansa ya ce wa Haladu, "Ruwa fa ba abinci ba ne, Malam. In bai ci ba, sai dai haƙuri." A tsakar gida Ladidi ta ji wata tsohuwa na cewa ai dama tare za su tafi, Allah ya hutar da kowa. Wasu suka ce amin.

Ranar sadakar bakwai mata suka fi kullum yawa. 'Yan Rugar Mati sun zo, Inna na cikinsu, an ba su wuri mai daraja a rumfar marigayiya, a kan tabarmarta. Ladidi na madafa tana juya waina Bushra ta shigo ta tsaya a kanta.

"Umma, Yaya ya daina juya kai in an wuce."

Ta shiga ɗakin. Idanun sun faɗa, leɓe ya tsage, hannun da kullum ke dunƙule ya fara saki. Ta daɗe tsaye. Abin da ta ji a lokacin ba tausayi ba ne tukuna, wani abu ne mai muni, ta kuma gane shi: wani ɓangare na ranta yana jira. In ya tafi, ba sauran idon da zai bi ta. Za a ce mai kunya ce har ƙarshe, ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Shiru kawai ake buƙata daga gare ta, ta kuwa iya shi, ta taɓa yi.

Ta koma madafa ta sauke tandar waina, ta ɗora ruwa, ta dama koko a ƙaramin kofi. Ta ba Bushra ta riƙe. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ɗanta, karo na farko tun yaye. Ta yi zaton zai yi nauyi. Ƙasusuwa ne kawai masu ɗumi.

Da ta fito da shi hira ta yanke. Ta nufi rumfa kai tsaye.

"Ku ɗan matsa mani. Nan yake ci."

Mata suka ja jiki suna kallon juna. Inna ta rage murya, amma kowa ya ji. "Ke Ladidi, lafiyarki? Ba wani ya ba shi mana. A gaban surukanki?"

Ladidi ta zauna daidai inda tabarmar ta lotsa, ta miƙe ƙafafu, ta jingina bayansa da ƙirjinta, ta naɗe gwiwoyin. Hannuwanta sun san komai, ba su yi kuskure ko ɗaya ba.

"Na yi shiru sau ɗaya, Inna," ta ce ba ta ɗago ba. "Ga shi nan a cinyata."

Inna ba ta gane ba, ko kuwa ta gane, don ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta juya wajen bango.

Kaji na kiwo a gabansu. Ladidi ta sa bakinta kusa da kunnensa.

"Awwalu."

Muryar ta fito kamar ta wata. Wata mata ta ce subhanallahi. Yaron ya ɗan motsa, idanunsa suka tafi ƙofar ɗakin Gwaggo suka tsaya a can.

"Awwalu! Ba ta nan. Ni ce." Ba za ta iya ce masa ango ba, wannan wasan kaka ne, sai ta nemi nata. "Ba ka san ni ba ko? To ni ce mai dama maka kokon nan tun kana tsumma. Kana tsammanin matar taka ce? Wannan ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, baki kawai gare ta. Ni in yi tata, ni in yi wanki, ita ta kwashe lada da miji. Yau dai ta gudu ta bar mani kai, ko sallama babu."

Wata ƙawar Gwaggo da ke gefe ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ce, "Wallahi gaskiya ne, tuwonta ko kare sai ya yi tunani." Dariyar ta kama wasu. Awwalu ya ji ta ta ko'ina, ya ji ta a ƙirjin da yake jingine da shi. Kansa ya karkace a hankali ya ɗago, idanun nan suka sauka a fuskar Ladidi suka zauna. Ta jira abin da ta yi shekara goma sha biyu tana gudu. Babu shi. Yaro ne mai jin yunwa yana kallon mai surutu. Sautin ya taso daga ƙirjinsa, ƙarami, muƙamuƙin ya saki.

Ta tallabo haɓar, ta zuba rabin ludayi ta gefen kumatu, ta shafa maƙogwaron da yatsa biyu. Ya wuce.

Bai sha ko rabin kofin ba ranar. Inna ta koma ruga kafin la'asar, ba ta tsaya an raba waina ba. A ƙauyen aka yi ta maganar har aka gaji, wasu suka ce mutuwar Gwaggo ce ta taɓa ta, wasu suka ce dama kunyar ta ƙarya ce.

Damina biyu ta samu da shi. A cikinsu ta san abubuwan da kafar zana ba ta nunawa: cewa yana tsoron kukan akuya, yana son ƙarar babur, bayan kunnensa na dama akwai inda in an taɓa sai ya yi dariya ko yana fushi. Ta san ciwon baya irin na Gwaggo. Akwai ranakun da zai fesar mata da koko a fuska sau uku ta ajiye shi ta shiga bayan ɗaki tana huci, tana cewa wayyo ni na gaji, ta wanke fuska ta dawo. Son bai rage nauyin komai ba, bai kuma goge maganar nas ɗin ba, sai dai yanzu tana jin ta ne da yaron a jikinta. Haladu ya fara zama a bakin rumfa yana ɓare ayaba da kansa. Sunan dai bai taɓa iya faɗa ba, amma wata rana ta ji shi yana cewa, "Malam Babba, an tashi lafiya?"

A tsakiyar damina ta biyu tari ya kama shi, ya sauka a ƙirji. Suka kwana biyu a asibiti a Malumfashi, aka yi abin da za a iya. Ya cika da hantsi, lokacin kokonsa, bayansa a ƙirjinta. Da aka fito da makara daga gidan, matan da suka taru sun ji muryar da ba a ji ba a Rugar Mati ranar da ya kamata a ji ta.

Bayan arba'in hannunta ya ƙi daina jiƙa gero. Ta yi ta damawa ba mai sha, tana rabawa maƙwabta, har Haladu ya ce to ko za a riƙa miƙawa a zaure. Haka cinikin ya fara. Bushra ta yi aure a Dandume, rumfar tana nan, an sake mata sabon kara. Wani lokaci sabon mai babur zai kurɓa ya leƙo ta zaure ya ce, "Hajiya, wannan koko haka sumul, me kike sa masa?"

Daga madafa take amsawa, da ƙarfi, yadda har na waje za su ji.

"Ba komai. Awwalu ne ba ya son tsaki."